Baba Mai Jela da Ɗigon Auta

Ina shanya wanki a bayan ɗaki Injiniya ta yi sallama. Ƙawar 'yata Auta ce tun suna makaranta, kuma tun da Auta ta rasu ba ta ɗauke ƙafa daga gidanmu ba. Ta kama bakin zanen gado ta taya ni matsewa, sannan ta ce, "Inna, kin ji labarin Baba Mai Jela?"

Uwar da ta rasa 'ya, duk zancen da aka fara mata da "kin ji" mutuwa take zato. Na saki zanen ya faɗi cikin ƙasa.

"Kwantar da hankalinki, Inna. Lafiyarsa ƙalau, yanzu ma na baro shi yana faɗa da firinta, injin buga takardun nan. Aiki zai ajiye ƙarshen wata. Idon ne ya ƙi."

"Za ku yi masa taro?"

"Mun so. Ya ce ranar da ya hango motar kujerun haya a bakin ƙofa, daga nan zai juya kekensa ya koma gida."

Na ɗauki zanen na mayar cikin ruwa. Ina cuɗawa ina tunani. Mutum ya ƙarar da idonsa a kan aikin jama'a, sannan ya tafi shiru kamar baƙon da ya kwana a tasha? To, ya hana a taru, amma bai hana ni magana ba. Ni ban yi nisa a makaranta ba, kuma ba takarda na duba ba. Abin da na gani da idona, da abin da waɗanda suka zauna da shi suka faɗa mini, shi zan faɗa. In na kauce a wani wuri, masana su yi haƙuri su gyara.

A wata makarantar koyon sana'a yake aiki, a ɗakin kwamfuta da ke ƙarƙashin matattakalar bene, rabinsa a cikin ƙasa. Mai gadin wurin ya ce shi ba ya duba agogo da safe, ƙarar sarƙar keken Baba yake jira. Zai jingine keken a bango, ya kwance robar da ya ɗaure ƙafar wandonsa da ita, ya sauko da fulas ɗin shayinsa marar sukari. Taga ɗaya ce a ɗakin, can sama dab da rufi, ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Shi ya sa Baba ya fi sanin mutane ta takalmansu. "Ga shugaban makaranta nan," zai ce, "yau an je wurin mai wankin takalmi, akwai baƙi ke nan." Kafin ya zauna sai ya bi injinan ɗaya bayan ɗaya yana dafa bayansu da tafin hannu, kamar uwa tana duba zazzaɓi.

Daga nan sai aikin da ake biyansa albashi a kai. Ga wanda ya manta kalmar sirrinsa, ga wadda takardarta ta maƙale a firinta, ga ɗalibin da ya rantse bai taɓa komai ba alhali babu abin da bai taɓa ba. Wannan kowa a makarantar ya san shi. Wanda ba a sani ba shi ne aikin da yake buɗewa da tsakar rana, in mutane sun fita cin abinci. Ba wanda ya ɗora masa, ba wanda ke biyansa, kuma shi ne ya jawo masa sunan Mai Jela, har sababbin ɗalibai suna zaton da shi aka haife shi. Ni ma ban san kan aikin ba sai da bukata ta kai ni gabansa.

Auta tana cikin masu rubuta manhajar kwamfuta. Ni kuwa idona ya yi rauni, karatuna kuma na tattara baƙaƙe ne, saƙo ɗaya sai in yi ta fama da shi har shayi ya huce. Ita ke karanta mini komai. Wata rana ta ce, "Inna, in ina wurin aiki wa zai riƙa karanta miki? Bari in zuba miki bakina a kwamfuta."

Na ce, "Bakin nan naki da ba ya gajiya? Kwamfutar nake tausaya wa."

Ta yi wata da watanni tana shigewa cikin durowar kaya, ta rufe kanta a tsakanin riguna don kada ƙarar titi ta shiga, tana karanta jimloli na'ura tana naɗa. In ka wuce ta ƙofar ɗakin sai ka ji durowa tana cewa, "Akuya ta haye katanga. Akuya ta sauko daga katanga." Yayanta ya ce gara a kira mai magani tun abin bai yi nisa ba. Daga ƙarshe abin ya tashi. Duk abin da aka rubuta masa da harshenmu sai ya karanta shi da muryar Auta, har da yadda take jan ƙarshen magana. Ta ce in ta gama gyara shi za ta kai wa ƙungiyar makafi su ma su amfana. Ba ta gama ba. Ciwon bai ba mu lokaci ba.

Bayan an watse daga zaman makoki ne na gane inda matsalar take. Muryar tana cikin kwamfutar tafi-da-gidanka da wurin aikinta suka ba ta. Mutanen kirki ne, sun ɗaga mana ƙafa, sun sake ɗagawa, amma kayan ofis kayan ofis ne. Za su karɓa, su goge, su ba wani. A gida muna da tamu ta kan tebur, wadda babban ɗana, wanda kafinta ne, yake duba zanen kujeru a kai. Ya kwafe duk abin da Auta ta rubuta ya zuba a ciki. Ya danna, shiru. Ya ɗauka ya kai wa mai gyara a kasuwa. Mai gyaran mutum ne mai gaskiya. Ya duba ya ce, "Wannan ba gyara yake so ba, gini yake so. Kwamfutar marigayiya da taku ba gida ɗaya suka fito ba. Ku nemi wanda ya san gidajen biyu."

Na riga na rasa Auta sau ɗaya. Abin da ya hana ni sukuni shi ne in sake rasa ta. Injiniya ta zauna za ta gwada, hawaye suka hana ta ganin allon. Ita ce ta ce mu je wurin Baba, don shi ya fara koya musu aikin ita da Auta.

Baba bai iya ta'aziyya ba, wannan zan faɗa ko yana ji. Da muka shiga ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Can ya ce, "Innar Auta, yarinyar nan ba ta taɓa tashi ta bar kujera a karkace ba." Shi ke nan. Ya zuba mini shayinsa mai ɗaci a murfin fulas, na shanye don kunya. Sannan ya jawo kwamfutar Auta ya daɗe yana dubawa.

"Kafinta," ya ce wa ɗana, "kai za ka fi saurin ganewa. In an kawo maka zanen kujera a takarda, ana zama a kan takardar?"

"A'a, Baba, sai an ƙera."

"To abin da ƙanwarka ta rubuta zane ne. Akwai wata manhaja da ke ɗaukar zanen ta ƙera abin da zai yi aiki. Ni magini nake ce mata. Shi maginin nan a gidan su kwamfutar Auta aka haife shi, can ya saba. Aikina shi ne in koya masa zama a gidan irin taku."

Na ce, "To me ya raba gidajen, Malam? Ni duk kwamfuta nake gani."

"Abubuwa da yawa. Amma wadda ta fi cinye mini rayuwa jela ce. Kin san an ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura?"

"Na sani."

"To a gidan su Auta, abin da aka ƙera sunansa kawai ake kira. A ce masa murya, ya amsa, ya tashi ya kama aiki. A gidanku kuwa ba a ɗaukarsa ma'aikaci sai da jela a bayan suna. Ɗigo, da haruffa uku." Ya jawo wani kwali ya rubuta mini da manyan baƙaƙe: .exe. "Sai magini ya gama ƙera murya, a ɗaura mata jela kamar yadda gidan ya saba, shi kuma ya juyo yana neman murya marar jela. Tana gabansa, ya ce bai gan ta ba. Sai ya tsaya cak, ko ya rushe ya sake gini. Bari in nuna miki, ina tabarauna?"

Injiniya ta ce, "Yana goshinka, Baba."

"Kin gani ko? Haka magini yake yi."

Ɗana ya ce, "To a bi kowane suna a ɗaura masa jelar mana, a huta."

"Haka masu gaggawa suke yi. Ran da zanen ya koma gidansu na asali, sai a ga kowa da jela a garin da ba a san ta ba, can kuma ya lalace. Ka gyara ɗaki ka rushe zaure. Ni gurbi nake bari a bayan kowane suna. In magini ya shiga gida sai ya fara tambaya tun daga bakin ƙofa: nan ana ɗaura jela? In an ce e, ya cika gurbin. In an ce a'a, ya bar shi wayam. Zane ɗaya, ya zauna lafiya a gida biyu."

Na ce, "Shi ke nan aikin?" Don ni na zaci abin ya fi haka.

"Shi ke nan, Innar Auta. Tun gashina yana baƙi."

A hanyarmu ta komawa Injiniya ta ƙarasa mini abin da shi bai faɗa ba. Maginin nan na kowa ne, kyauta ake ɗauka. Mutane daga ƙasashe da yawa suna ƙara masa abu kullum, kuma yawancinsu a gidan da ba a ɗaura jela suke zaune, don haka mantawa suke yi. Sunaye kuwa suna ɓuya a kowane lungu: wurin mai gwada abin da aka ƙera, wurin mai ɗauka ya kai inda zai zauna, har wurin mai share tarkace bayan an gama. Baba ne ke bin bayansu kamar mai tsintsiya bayan an tashi daga kasuwa. In ya ga inda aka manta gurbi, ba ya zagi. Zai rubuta wa mutumin, ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya nuna masa wurin. Ta ce akwai waɗanda ke can nesa da ba su san fuskarsa ba, amma da sun ga saƙo ya fara da tambayar iyali sun san sun manta jela.

Baba ya karɓi aikin Auta ya sa a gaba. Kwamfutarmu ta koma ɗakinsa da zama. Ana gobe za a karɓi ta ofis ya aiko mu zo. Muka isa da hantsi, ni da kafinta da Injiniya.

"Duk sassan sun ginu," ya ce. "Ɗaya na bari, na ƙarshe, mai buɗe bakin. Ban so in riga ki ji ba."

Ya danna. Rubutu ya riƙa gudu a allon kamar jerin tururuwa. Na ƙanƙame jakata. Can sai ya tsaya. Baba ya matso da fuskarsa, ya ce magini yana cewa bai ga abin da ya ƙera ba. Ya sake dannawa. Magini ya sake gini, ya sake cewa bai gani ba.

Ƙafafu suka wuce ta taga za su cin abinci, suka dawo. Ɗana ya yi ta kai da kawowa tsakanin ƙofa da tebur har Injiniya ta ce ya zauna, yana sa ta jiri. Ni kuwa ina kallon kwamfutar Auta a gefe, ina tunanin gobe war haka tana hannun wani. Baba ya riga ya gaya mini an kwafe komai, ba abin da zai ɓata. Amma abin da kunnena bai ji ba zuciyata ba ta yarda da shi ba.

Sai na ga kafaɗun Baba suna rawa. Na zaci kuka yake, na ce shi ke nan, ta faru ta ƙare. Ashe dariya ce.

"Innar Auta, matso. Ke za ki karanta mini wannan."

Ya ƙara girman baƙaƙen har suka cika allon. Na bi su da yatsa ina tattarawa: don.inna

"Sauran duk sunayen aiki ta ba su," ya ce. "Wannan na ƙarshe ta sa masa don Inna. Masu wannan aiki ba sa son barin fili a tsakiyar suna, sai ta sa ɗigo a tsakani. To akwai mai ɗaura jela na gidan nan, shi ma manhaja ne, in ya ga ɗigo a cikin suna, ɗauka yake an riga an ɗaura. Ya ga ɗigo, ya ga inna, ya ce wannan da jelarsa ya zo, ya wuce abinsa. Magini kuma yana can yana neman mai haruffa uku."

Na ce, "Wato ni ce jelar?"

"Ke ce, ranki ya daɗe."

Tun da aka fita da Auta ban yi dariya ba sai ranar. Na yi ta yi har na rasa inda dariyar ta ƙare kukan ya fara. Injiniya ta rufe fuska da gyale, ban san wanne take yi ba.

Ɗana ne ya fara dawowa hayyacinsa. "Baba, a cire ɗigon mana. A sa masa wani suna. Ai ba zai ɗauki lokaci ba."

"Kafin ka ƙifta ido an gama." Ya cire tabarau yana murza ido. "Amma ba ni na raɗa ba. Kuma ba ita ta yi kuskure ba, a gidansu sunan nan daidai yake. Magini ne ya bar wa mai ɗaura jela ya yi zato, ni kuma na ƙyale shi yana zato tun fil azal, don ban taɓa gamuwa da mai ɗigo ba. In na sauya sunan, na rufe rami da tabarma, wani ya zo ya faɗa."

"Wani can daban, Baba. Mu tamu ta ishe mu."

"Gaskiyarka." Ya juyo gare ni. "Ke ke da 'ya. In kin ce a cire, yanzu zan cire ki ji ta. In kin ba ni zuwa lokacin tashi, zan gwada gyara maginin. Ban yi alkawari ba. In ya ƙi, ɗigon yana nan, ba gudu zai yi ba."

Allah ya sani, kunnena ƙaiƙayi yake. Amma na dubi sunan nan da ya cika allo. Ita ta zauna ta rubuta shi da hannunta, ba ta gaya wa kowa ba, har ni. Na ce, "Na jure abin da ya fi wannan, Malam. A bar mata sunanta."

Ya sunkuya. Abin da ya yi, yadda Injiniya ta bayyana mini, shi ne ya hana magini barin zato ga kowa. Daga yanzu shi da kansa zai rubuta cikakken suna, da jela in gidan yana so, ko da ɗigo goma ne a ciki. Da ya gama bai yi gaggawa ba. Sai da ya ɗauki gyaran ya gwada a kwamfutar Auta tukuna, don ya tabbata bai rushe zauren can ba. Shi ne aikin ƙarshe da kwamfutar ta yi a hannunmu. Sannan ya dawo kan tamu ya danna. Tururuwa suka yi ta gudu, ba su tsaya ba har ƙasa. Rana ta yi sanyi, ƙafafun masu tashi daga aiki sun fara wucewa, sai ga shi ya fito: don.inna.exe

"Me za ta karanta?" Injiniya ta tambaya, hannunta a kan madannai.

Maganganun da nake so in ji daga bakin Auta sun fi a ƙirga. Na fara cewa, "A rubuta, Inna na yafe..."

Baba ya ɗaga hannu a hankali. "Innar Auta, ba ita ba ce. Murya ce ta bar miki don karatu. Kada mu sa mata a baki abin da ba ta faɗa ba, zai dame ki daga baya. Akwai wata takarda a jakarki?"

A lokacin na ji haushinsa. Yanzu na san ya yi mini gata. Na zazzage jakar, babu komai mai rubutu sai kwalin maganin hawan jinina. Injiniya ta kwafe abin da ke jikinsa ta danna.

"Ƙwaya ɗaya da safe, bayan an ci abinci. A ajiye inda yara ba za su kai ba."

Da jan ƙarshen nan nata, kamar mai shirin ƙara wata magana.

Baba ya miƙe ya ce yana jin janareta tana wata irin ƙara, bari ya dubo. Daga baya mai gadi ya gaya wa ɗana ranar ko kunna janareta ba a yi ba. Ya ce Baba ya je ya tsaya a gaban kekensa yana ta goge sirdi da hannun riga.

Mu mun samu abin da muka zo nema, mun yi godiya mun tafi. Shi aikinsa bai ƙare nan ba. Ya aika da gyaran ga masu maginin, suka yi ta muhawara da shi, ya yi ta amsawa yana tambayar iyalinsu har suka karɓa. Injiniya ta ce bayan nan wani ya rubuto daga wata ƙasa mai nisa, ya ce abin ya daɗe yana wahalar da shi bai san dalili ba. Wani kuma kalma biyu kawai ya aiko: yana aiki. Ta ce a sana'arsu wannan babbar godiya ce. Shi Baba cewa yake, "In ba a ji sunana ba, aiki ya yi kyau. Ranar da jela ta tsinke ake tuna mai ɗaura ta."

Alkawarin da Auta ta ɗaukar wa ƙungiyar makafi ma shi ya cika. Kwamfutocinsu duk irin tamu ne, masu son jela. Ranakun hutunsa ya riƙa hawa keke yana zuwa yana sa musu ɗaya bayan ɗaya. Shugabar ƙungiyar ta zo har gida ta gaishe ni. Ta ce, "Ban taɓa haɗuwa da 'yarki ba, amma na san ta da tsokana. Ko takardar kuɗin ruwa take karantawa sai ka ji kamar dariya take ɓoyewa." Ta ce kuma Baba bai taɓa kama hannun ɗayansu ya ɗora a kan madannai ba sai ya nemi izini.

Ba zan ce ba shi da aibi ba. Taurin kai gare shi, in ya fara bayani kuma sai ka nemi kujera. Maiɗakinsa ta ce mini, "Shekara da shekaru ina dafa masa abincin rana, yana dawo mini da shi in ci da yamma. In na yi magana ya ce wani a bangon duniya ya manta gurbi. Yanzu da zai zauna a gida, ban san wa zai riƙa gyara wa ba in ba ni ba." Tana faɗa tana kallonsa, shi kuma yana neman tabaransa.

Malam, yanzu da kai nake. Kai ne gadar da ake takawa a wuce ba a waiwaya ba. Kai ne ka zauna ƙarƙashin matattakala kana kallon takalman mutane, alhali aikin hannunka yana can yana yawo a garuruwan da ba ka taɓa takawa ba. An ce saniyar da ba ta da wutsiya Allah ke kore mata ƙuda. Ni ce saniyar nan ranar da na shigo ɗakinka, kuma ta hannunka Allah ya kore mini. Kai ne ka ga sunan da yarinya ta raɗa a ɓoye, kana da ikon goge shi ba wanda zai tuhume ka, ka ce ba kai ka raɗa ba. Kai ne ka hana ni sa wa mamaciya magana a baki a ranar da ba wanda zai iya hana ni. Ban san da me ake biyan wannan ba. Na gode. 'Ya'yana sun gode. Allah ya ba idonka lafiya, ya sa ka huta hutun da ka hana kanka, ya jiƙan ɗalibarka.

Ku kuma masu wannan sana'a, ni ba zan koya muku aikinku ba. Abu ɗaya na riƙe: in kuna gini, ku tuna akwai wani gida da ba naku ba, da mutane a ciki. Ku bar gurbi. Injiniya ce za ta karɓi tsintsiyar Baba, kuma ita kaɗai ba za ta iya share kasuwar nan ba, masu hannu su taya ta. Sauran jama'a irina, ku duba ƙarƙashin matattakalar wurin aikinku, ko bayan shagon unguwarku. Akwai wani a zaune yana ɗaura abin da ba ku san yana kwancewa ba. Ku gaishe shi tun yana ji.

Ni dai kowace safiya in na karya sai in ɗauko kwalin maganina in zauna gaban kwamfuta. Na haddace abin da ke jikinsa tuntuni, ko daga barci aka tashe ni zan faɗa. Duk da haka ba na sha sai na kunna, na danna, ta gaya mini. In ta kai ƙarshe ta ja maganar nan tata, sai in ce, "To, na ji." Sannan in kai ƙwayar baki in kora da ruwa.